Hatimin Gidan Baba Labbo

Duk saurayin da ya tsaya a rumfata, abin da yake fara yi ke nan: ya ɗauki hatimi ɗaya, ya juya shi, ya danna a bayan hannunsa, sannan ya yi dariya ya ce, "Baba Lawali, ashe aikin naku dannawa ne kawai?" Ni kuwa ba na musu da shi. Nakan miƙa masa guntun roba da wuƙa, in ce ya yanko mini harafin farko na sunansa, a juye, yadda in an buga zai fito daidai. Har yau ban ga wanda ya gama bai tsotsi yatsa ba. To ku gyara zama, tunda kun ce kuna son ji. Katunan da na buga ba su ƙirguwa, amma labarin gida ɗaya zan ba ku, don a kan hatimin gidan nan na zama mai sana'a, a kansa kuma na ga abin da kati ke iya yi wa mutum.

Wurin Malam Bawa na koya, a nan Ƙauran Namoda, bakin tashar mota, a wannan rumfar da kuke zaune. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan harara. Wuƙaƙensa duk shi ya ƙera abinsa daga karyayyen zarton ƙarfe, yana wasa su a dutse har sai sun aske gashin hannu. Akwai mai baki kamar mashi ta bin gefen harafi, akwai mai lanƙwasa ta kwashe cikin roba, akwai wata 'yar siririya da ba ya bari kowa ya taɓa, ita ce ta ɗigon ajami. Robar kirki daga Gusau ake sayo ta, ja ce mai laushi. In ta yanke mana sai mu koma tiyub ɗin babbar mota, ko tsohon silifa a yi furanni da taurari da shi. Amma ranar da na ɗauko silifa zan gwada Bismillah a kai, ban san lokacin da kunnena ya ɗau zafi ba. "Sunan Allah bisa takalmi?" Iyakar abin da ya ce ke nan, ban kuwa sake ba.

Tawada ma da kuke gani ba zubawa ake yi a dangwala ba. Tsumma ake ninkewa a cikin murfin gwangwani, a ɗiga mata, a bari ta sha. In ta yi yawa harafi ya cushe, in ta yi kaɗan kati ya fito kamar mai ciwon ido. Kuma sau ɗaya ake dannawa, da nauyin kafaɗa, ba da yatsu ba. Wanda ya girgiza hannu ya ɓata kwali.

Sai ƙarfen yanka, wanda shi ne ke ba kati siffarsa. Siririn ƙarfe ne mai kaifi, an lanƙwasa shi an dasa a cikin katako: wani siffar ƙofar masallaci, wani jinjirin wata na barka da Sallah, wani zuciya na 'yan makarantar kwana masu yi wa juna fatan cin jarrabawa, wani kuma allo. Ummaru Maƙeri na Zurmi ke yi mana su, kuma ban san wani da ya iya ba duk yankin nan. Aikin yanka na mutum biyu ne. Ɗaya ya durƙusa ya danne ƙarfen a kan kwalaye bisa gungume, ɗaya ya ɗaga guduma ya sauke. Na daɗe ina riƙo kafin Malam Bawa ya yarda ya ba ni guduma shi ya durƙusa. Ranar da ya yi haka na san ya amince da ni, don yatsunsa ya ba ni amana.

Abin da ya riƙe rumfar nan kuwa ba katin Sallah ba ne, hatimin gida ne. In magidanci ya zo buga katin bikinsa na farko, sai a yanka masa hatimi nasa na kansa: sunan gidan a sama, gayyata a tsakiya, wurin taro a layin ƙarshe, da ɗan adon da ya zaɓa a gefe. Ya zaɓi siffa, ya zaɓi launin tawada. Daga nan an gama. Suna ne, aure ne, sauka ce, dawowa daga aikin Hajji ce, da hatimin nan za a buga, sai dai a ƙara ƙaramin hatimi mai faɗin irin taron da ranarsa. Hatimin yana nan wurinmu a cikin akwati, mai shi ba ya tafiya da shi. Kuma kati ba ya tafiya shi kaɗai. Ɗan gidan ne ke kai shi, da goro da alewa, ya durƙusa ya gaida mutane, ya faɗi rana da wuri da bakinsa. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya ɓace daga baya.

Hatimin gida na farko da na yanka tun daga sama har ƙasa na Baba Labbo ne, mutumin Tungar Marke, wata 'yar tunga can bayan Katuru. Ran kasuwa ya zo, dogo, da gatari a kafaɗa, zai aurar da ƙanensa. Malam Bawa ya nuna ni da haɓa ya ce ni zan yi. Baba Labbo ya dube ni sama da ƙasa.

"Wanga yaron? Bawa, kak ka sa a yi min wasa da sunan ubana."

"In ya ɓata, ka riƙe min shi in doka," in ji Malam Bawa.

Ya tsuguna gabana ya ce, "Ubana malami na, don haka allo nika so. Tawada tsanwa. Kuma ka sa min ganyen marke nan da nan, don gindin marke ƙofar gidanmu take."

Na yini a kan ganyen nan. Ganyen marke ƙanƙane ne, in ka ƙara masa faɗi ya koma na mangwaro, kuma na san mutumin ƙauye ba zai yafe mini ba. Da na buga na gwaji, ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo. Shi dai ba ya karatun boko, sai na karanta masa, har layin ƙarshe: Wuri, ƙofar gidansa, Tungar Marke. Ya ce, "To, ba laihi." Daga bakin Baba Labbo wannan kirari ne.

Shekaru suka yi ta tafiya ina buga masa. Sunan 'ya'yansa, aurensu, sunan jikoki. Kowa a wancan yankin in ya hango allo mai tsanwar tawada ya san gidan Labbo da hidima.

Sai wayoyin nan naku suka zo. Ba na zaginsu, ni ma ga tawa a aljihu. Amma 'yan makaranta suka daina zuwa, katin Sallah ya mutu murus, masu aure suka koma shagon kwamfuta inda ake sa musu hoton fure mai ƙyalli da sunan da ba a duba ba. Malam Bawa ya rasu ana cikin haka. Wanda zai riƙe mini ƙarfe ya gagara, don duk wanda na ɗauka, da ya ji guduma ta wuce kusa da yatsansa sai ya tuna an aike shi. Dole na nemi dabara. Na kafa ɗamarar fata a jikin gungume, in ratsa ta kan ƙarfen, in take bakinta da ƙafa, sannan in buga. Tana yi, amma ba ta gaya maka in ƙarfe ya karkace, kuma ba ta amsa hira. Nakan yini a nan ban yi magana da kowa ba in ban da amsa sallamar masu wucewa. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai a shekarun nan, ba zan ɓoye muku ba.

Mummunar shekara kuwa ita ce wadda ɓarayin daji suka tashi ƙauyuka, aka rufe kasuwannin mako, aka ɗauke sabis ɗin waya gaba ɗaya. Abin mamaki, a shekarar aiki ya dawo mini. Mutum na son gayyatar 'yan uwansa, waya ta zama guntun ƙarfe, shagon kwamfuta ba man janareta, sai a tuna da tsoho mai roba. Amma aikin ba daɗi. In buɗe akwati in ɗauko hatimin gida, in tarar garin da ke layin ƙarshe babu kowa a cikinsa. Yawancin magidanta ba su ja magana. Su ce, "Cire, Lawali, sa Shinkafi," ko "sa Ƙaura, bayan asibiti." In sa wuƙa in kwashe layin. Abin da ka kwashe a roba kuwa ba ya komawa.

Wata rana da hantsi Baba Labbo ya iso, ba gatari, rigarsa ta yi masa yawa. Muka gaisa, na yi masa jaje. Ya ce yanzu a Shinkafi suke, a wani kango da mai shi ya ba su aro, mutanen tungarsu kuwa sun watse, wasu Ƙaura, wasu Zurmi, wasu sun tsallaka iyaka. Autarsa Kulu ta sauke Alƙur'ani duk da wannan gudun, shi ne yake so ya yi mata walima, ko da kunu ne, don mutanensa su ga juna.

Na ɗauko hatiminsa na goge ƙura. Na ce, "Baba, sai dai layin ƙarshe ya hita."

"Mi layin yac ce?"

"Wuri, ƙofar gidansa, Tungar Marke."

"To ƙarya yay yi?"

"Ba ƙarya ba ta, Baba. Amma ba can za a yi walima ba. In wani ya karanta ya nuhi can fa?"

Ya ɗora hannunsa a kan hatimin ya rufe shi. "Sun kore shanu, sun ƙone rumbu, kai kuma ka zo da 'yar wuƙakka ka ƙarasa? Bar min shi. Da ruwa sun sauka muna komawa."

Na san ba za su koma ba, shi ma ina jin ya sani, amma ba ni zan gaya wa dattijo haka ba. Sai na ce akwai hanya. Na yanko siririyar takarda, in rufe layin da ita, in shafa tawada, in ɗaga takardar, in buga. Wurin ya fito fari fat. Sannan na yanka sabon ƙaramin hatimi mai faɗin unguwar da suke a Shinkafi, ina buga shi a cikin filin. Aiki biyu ne a kan kowane kati, ga shi ƙarfen allon ya tsage a wuya, Ummaru Maƙeri kuma ya bar Zurmi ban san inda ya nufa ba, dole kowane kati in ƙarasa masa wuya da wuƙa. Amma sun yi kyau. Na karanta masa, ya ji Shinkafi a ciki, ya kuma ga hatiminsa ba a taɓa ba. Muka rabu kowa na ganin ya yi dabara.

Da zai tafi na tambaye shi wa zai raba. Ya ce wa zai tura ɗansa kan hanya a wannan zamani? Direbobi zai ba, su ba wanda ya san wane, shi kuma ya miƙa gaba.

Bayan walima ya dawo. Tun daga nesa na ga tafiyarsa ba daidai ba. Bai zauna ba ya ce, "Lawali, Inno ba ta zo ba."

Inno yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohuwa wadda mijinta ya rasu. Da aka tashe su, wurin 'yarta ta koma a Ɗan Isa. Ya ce kowa ya zo, har na tsallaken iyaka, ban da ita, alhali ita ce ta yi wa uwar Kulu wankan jego. Shi ne ya biyo sawu har Ɗan Isa. Can aka ce masa ai tun washegarin da kati ya iso ta ɗaure kayanta, ta ce 'yar uwa ba ta jiran ranar biki, akwai daka da girki. 'Yarta na gona lokacin. Abin da ta bar wa maƙwabta shi ne, a gaya mata Labbo ya koma gida.

Na ce, "Amma Shinkafi na rubuce ga katin."

"Inno ta san rubutu?"

Na duba kowane harafi, na rufe layin da ya kamata a rufe, kuma duk a banza, don Inno ba ta taɓa karanta kati ba a rayuwarta. Ganinsa take ta gane shi. Allo, tsanwar tawada, ganyen marke, wannan a wurinta ƙofar gidan ubanta ne. A da akwai ɗan gida da zai durƙusa ya faɗi wuri. Wannan karon daga hannun direba ya fito.

Ya so ya kama hanyar Tunga a ranar. Direbobi suka ce ko Katuru ba kullum ake shiga ba, balle bayanta. Ba waya da za a kira. Sai ya zauna a kan bencin nan, inda ake ganin duk motar da ta shigo tasha, tunda mai komawa Ɗan Isa daga can ta nan zai bi. Da mota ta tsaya ya miƙe, ya je ya leƙa, ya tambayi direba ko ya ga wata tsohuwa mai ƙwarya, ya dawo ya zauna. Da yamma ya tafi masallaci ya kwana, da safe ya dawo. Na sayo masa fura, ya kurɓa ya ajiye. Ni kuma ga aikin wasu a gabana, amma na kasa ɗaga guduma, ina ganin kamar ƙarar za ta dame shi. Na daɗe ina son wanda zai zauna mini a rumfa, ga shi na samu, amma ba mai iya ce wa ɗan uwansa komai.

Ana kiran azahar wata rana wata tsohuwar mota ta shigo daga wajen Shinkafi, cike da buhuna da mutane a kai. Aka sauko da wata 'yar tsohuwa, ƙafafunta fari fat da ƙura, ƙwarya a hammata. Baba Labbo ya miƙe ya ce, "Inno ta." Ni na je na kamo ta na kawo ta inuwa, na ba ta ruwa.

Da ta sha ta huta, ya ce, "Inno, ina kinka tahi?"

"Gida mana. Ba kai ka aiko ba?"

"Ba ki ba wani ya karanta miki ba?"

"Mi za a karanta min? Katin gidanmu na. Tun gemunka na baƙi nika ganinai."

Ta ce daga Katuru da ƙafa ta ƙarasa, mutane na kiranta tana ɗaga musu hannu, ta ɗauka gaisuwa ce. Ta isa ta tarar ciyawa har ƙugu, zaure ba ƙyaure, ɗakuna ba rufi. Ta ce a ranta wataƙila maza sun tafi ɗauko mata da yara ne. Sai ta karyo reshe ta share ƙofar gida, tunda baƙi na tafe. Ta zauna da ƙwaryar daddawa da kukar da ta kawo gudummawa, har rana ta karkata. Wani mutumin Katuru da ya saci jiki ya je duba gonarsa shi ya gan ta, ya ja hannunta suka biyo ta cikin rafi. A gidansa ta zauna har aka sami mota.

Ta juya ta dubi ƙanenta. "Tun daga Ɗan Isa hak Katuru murna nikai, Labbo. Tun da munka taso ban yi murna irin wagga ba."

Baba Labbo ya sunkuyar da kai. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Marken na nan?"

"Shina nan."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ɗauko hatimin, Lawali. Yanke. Layin da ganyen duka. Allon ma kak ka ƙara buga min shi."

Ni da na fara cewa a cire, sai ga shi yanzu ba na son yi. Na ɗauko wuƙar kwasa, na fara da ganyen, ɗaya bayan ɗaya. Robar ta tsufa, tana marmashewa. Layin ƙarshe kuwa na bi shi a hankali ta ƙasa, ya ɗago gaba ɗayansa bai karye ba, siriri kamar zaren tsintsiya. Na ajiye shi a gefen teburi.

Inno ta miƙo hannu ta ɗauka. Ta juya shi, ta shafa haruffan da babban yatsa.

"Ɗana, wanga shi na sunan garinmu?"

Na ce, "Shi na, Inna."

Ta kwance bakin zanenta, ta sa shi a ciki, ta ƙulle tam, ta soke a ƙugu. Daga nan suka yi mini sallama. Ya raka ta ya sa ta a motar Ɗan Isa, ya tsaya har ta tashi, sannan shi ma ya je ya shiga ta Shinkafi.